Rakodoji uku a akwatin marigayi kawuna: wacce zan fara kunnawa?

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san tsofaffin na'urorin ɗaukar murya, musamman iyayenmu da suka yi aikin rediyo tun kafin wayar hannu ta cinye komai.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana aikin ɗauko rahoto a gidan rediyo. Da aka gama rabon gado sai aka bar wani akwatin ƙarfe da babu wanda ya waiwaya, Inna ta ce in ɗauka tunda ni ne mai jagwalgwalon kayan wuta a gidan. Da na buɗe sai na tarar da rakoda har uku, kowacce a naɗe cikin tsohon rawani. Ta farko Sony ce, an rubuta TCD-D8 da DAT Walkman a jikinta, tana cin wani ɗan kaset da bai wuce rabin wanda muka sani ba. Ta biyu ita ma Sony ce, MZ-R50, jikinta ƙarfe, tana cin ɗan faifai da ke cikin gidan roba, wato MiniDisc. Ta uku Marantz PMD660, baƙa, mai kauri, da manyan ramukan makirfo biyu masu ƙafa uku-uku, ita kuma kati take ci, amma ya fi memorin waya girma nesa ba kusa ba.

Kaset ɗin DAT sun kusa cika kwalin takalmi, faya-fayan sun fi su yawa. Da rubutun hannunsa a jiki: "Hawan Daushe", "makaɗan kotso", "masu rini, Ƙofar Mata", "tafsiri, daren 27", da hirarraki da mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Shekarun da ya rubuta sun fara daga 1996 har zuwa 2007.

Marantz ɗin kaɗai na sa wa batir, ta kuma kama. Sauran biyun ban taɓa su ba, don ina tsoron in lalata abin da ba shi da kwafi a ko'ina.

Abin da nake son sani: me ya sa mutum ɗaya zai tara na'ura uku masu aiki iri ɗaya? Akwai wadda zan iya dogara da ita in ɗauki tafsirin masallacin unguwarmu a azumin bana? Sannan wanda ya fi damuna, ta yaya zan kwashe abin da ke cikin kaset da faya-fayan nan zuwa kwamfuta ba tare da na yi ɓarna ba? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ɗan Rahoto:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kawunka, ya kyautata namu zuwan. Ba tara su ya yi don sha'awa ba, zamani ne ya riƙa sauya masa kayan aiki a hannu, kamar yadda ya yi mana duka. Ka jera su yadda ka lissafa, haka suka zo.

Abin da za ka fara ganewa shi ne, biyu daga cikinsu ba don mu aka ƙera su ba. D8 da R50 an yi su ne don masu sauraron kiɗa a Japan da Turai da Amurka, mu 'yan jarida aro muka yi. Marantz ɗin ce kaɗai aka zauna aka tsara don mai riƙe da makirfo a tsakiyar taro. In ka riƙe wannan, duk wani abin mamaki da za ka gani a jikinsu zai warware maka.

Ɗauki DAT tukuna. Sony ta fito da tsarin a 1987, kuma sautinsa bai da maraba da na faifan CD, har ma ya ɗan zarce, domin yana auna sauti sau 48,000 a daƙiƙa, CD kuwa sau 44,100. Ba ya matse komai, abin da ya shiga shi zai fito. Wanda ya saba da shuuu ɗin kaset na gargajiya, ranar da ya fara sa abin kunne ya saurari DAT sai ya ɗauka na'urar ba ta kama ba, saboda tsit ɗin da ke tsakanin magana da magana. Wannan kyawun shi ya jawo masa baƙin jini. Kamfanonin waƙa na Amurka suka tashi haiƙan, suka ce in kowa zai iya kwafe CD ba tare da sautin ya ragu ba, kasuwarsu ta mutu. Aka yi ta ja-in-ja har aka ƙaƙaba wa na'urorin gida wani takunkumi da ake kira SCMS, wanda ke barin ka yi kwafi daga asali amma ya hana ka kwafe kwafin, a 1992 kuma majalisar Amurka ta mai da shi doka. Kafin a gama rigimar mutanen gida sun juya baya, DAT ya zama kayan sitidiyo da gidajen rediyo da masu bincike.

D8 ɗinka ƙanwar D7 ce, ta tsakiyar shekarun 1990. Duba gefenta za ka ga ɗan abin murzawa mai lambobi, na daidaita ƙarfin ɗauka. Wannan shi ne abin da na fi so a jikinta: da babban yatsa kake sarrafa shi idonka na kan mai magana, ba sai ka shiga wani jerin zaɓi a allo ba. Akwai makunni da ke ba ka zaɓi tsakanin ka daidaita da kanka ko ka bar wa na'ura, ita ma ta kasu biyu, na magana da na kiɗa. Akwai na SP da LP, wato gudun tef na yau da kullum da na doguwar ɗauka. A SP kaset mai lamba 120 awa biyu yake yi, a LP ya yi huɗu, amma sautin ya sauka zuwa 32,000. Ina kyautata zaton kaset ɗin tafsirin nan a LP ya ɗauke su, don malami ba ya tsayawa jiran ka canza kaset. Batir huɗu take ci irin na tocila ƙanana, tana kuma shan su da gaggawa, shi ya sa aljihunmu kullum a cike yake. Wani abin da zai yi maka amfani: tana buga kwanan wata da lokaci a cikin kaset ɗin kansa. In kawunka ya kasance mai saita agogonta, za ta gaya maka ranar da aka yi kowace hira.

MiniDisc kuwa ta fito a ƙarshen 1992, amma sai wajen 1997 zuwa sama ta cika jakunkunanmu, zamanin R30 da R50 ɗin nan taka. Sautinta bai kai na DAT ba a takarda, don tana matse shi zuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar da wata dabara da ake kira ATRAC. A rediyo mai gajeren zango ko matsakaici, wa zai ji bambancin? Abin da ya sa muka rungume ta shi ne tacewa. Kana zaune a cikin motar haya za ka iya datsa hira gida-gida da maɓallin T MARK, ka goge tarin da baƙo ya yi, ka ɗauko maganar ƙarshe ka kawo ta farko, kafin ka isa ofis rahotonka ya haɗu. Mu da muka koyi aiki da reza da salatif muna yankan tef, wannan a wurinmu abin al'ajabi ne. Ga faifan a rufe cikin gidansa, ka jefa aljihu tare da goro da makulli babu abin da zai same shi.

Sai dai a nan ne aron ke nuna kansa. Ramin makirfonta ɗan siriri ne irin na abin kunne, in waya ta motsa sai ka ji ƙwaras a cikin ɗauka, shi ya sa za ka ga tsofaffin 'yan rahoto sun ɗaure wayar da kyauro a jikin na'urar. Ba za ka iya ƙara ko rage ƙarfin ɗauka tana cikin tafiya ba sai ka dakatar da ita, abin da rakodojin Sharp na lokacin suke bari ka yi kai tsaye, har wasu abokan aiki suka koma can saboda wannan kaɗai. Sannan ga END SEARCH. Nemi maɓallin a fuskarta. A waɗannan tsofaffin, in ka saurari wani abu a tsakiyar faifai sannan ka danna ɗauka ba ka fara danna shi ba, daga inda ka tsaya za ta fara rubutu, ta bi ta kan abin da ke wurin. Mai haɗa waƙoƙi a ɗakinsa ba zai damu ba. Ɗan jarida da gwamna ya fito ba zato kuwa, hannunsa na rawa, ka san sauran. Sai a na'urorin baya aka sa zaɓin ta riƙa farawa daga ƙarshe da kanta.

Marantz ba sai na yi dogon bayani ba, kana taɓa ta za ka ji bambanci. Manyan ramukan nan XLR ne, wayar makirfo na shiga ta kulle, ko an ja ka a cikin turmutsutsu ba ta fita. Tana ba makirfon sitidiyo wutar 48V da yake buƙata. Maɓallin ɗauka ja ne, babba. Babu abin da ke juyawa a cikinta. Ta zo wajen 2005, shekarar da Sony ta daina ƙera na'urorin DAT, kuma daga nan labarin kaset da faifai ya ƙare a wurinmu.

Mai Gyara na Sabon Gari:

Baba ya gama magana kan tarihi, Allah ya ƙara lafiya. Ni ta ɓangaren ciki zan shigo, don abin da nake buɗewa ke nan.

Malam Ɗan Gwammaja, kafin komai, kafin ma ka nemi batir: ɗauki kowane kaset da kowane faifai ka tura ɗan makullin kariyar da ke gefensa har ramin ya buɗe. A DAT da MiniDisc duka, rami a buɗe yana nufin ba a iya rubutu a kai. Yi wannan yau. Zan faɗi dalili.

MiniDisc da leza da maganaɗisu take rubutu, su biyu tare. Leza na ƙasa tana gasa ɗan ɗigo a jikin faifan har ya kai zafin da zai karɓi sauyi, wani ɗan kai na maganaɗisu kuma yana sama yana juya shi yadda ake so. Da ya huce sai ya daskare a haka. Shi ya sa faya-fayan nan suke da rai sosai, maganaɗisu kaɗai ba ya goge su a zafin ɗaki, kuma ina sa ran mafi yawan na kawunka za su yi magana kamar jiya aka ɗauka. Rauninsu a wuri ɗaya yake, wato TOC, ɗan jadawalin da ke gaya wa na'ura inda kowace ɗauka ta fara da inda ta ƙare. Faifan da ya rasa TOC kamar kanti ne cike da kaya amma littafin mai kanti ya ɓata: komai na nan, babu mai iya nuna maka shi. Na'urar ba ta rubuta jadawalin nan sai ka danna tsayawa, lokacin ne za ka ga TOC Edit a allo. In batir ya mutu ko aka bige ta a wannan ɗan tsakanin, an yi asara.

To ga inda haɗarin yake ga tsohuwar na'ura. Kan maganaɗisun nan da wata siririyar waya mai lanƙwasa yake haɗe, wadda ke motsi duk lokacin da aka buɗe murfi ko kan ya yi tafiya. Da tsufa takan tsage, sanannen ciwo ne a ƙananan rakodojin MiniDisc. In ta tsage, na'urar za ta ci gaba da kunna faifai lafiya lau, ba za ka san komai ba. Amma ranar da ta yi yunƙurin rubutu, ko da suna kawai ka sauya wa wata ɗauka, leza za ta gasa wurin TOC, maganaɗisu bai rubuta komai ba, sai ka ga BLANK DISC. Makullin kariya shi ke hana ta ko gwadawa. In kana son sanin ko R50 ɗin tana ɗauka, nemi faifan da babu komai a kai ka gwada da shi.

Batirinta na asali, LIP-8, kada ka sa rai da shi bayan shekarun nan. Duba cikin akwatin ko akwai ɗan gidan batir da ake ɗaura mata a gefe, ko cajarta ta asali. Kada ka soka mata kowace caja don bakin ya shiga.

DAT ita ce mai wuyar sha'ani. Cikinta bidiyo ce aka ƙanƙance. Tef ɗin faɗinsa bai cika milimita 4 ba, yana tafiya a hankali ƙwarai, wajen milimita 8 a daƙiƙa, na kaset ɗin gargajiya kuwa ya haura 47. Abin da ke gudu shi ne gangar da ke ɗauke da kawunan, tana juyi sau dubbai a minti, a karkace, tana zana layuka sirara fiye da gashin kai. Kafin haka sai wasu 'yan sanduna sun zaro tef ɗin daga cikin kaset sun naɗa shi a jikin gangar. Duk wannan a cikin abin da ke shiga aljihun babbar riga. Yanzu ka ƙiyasta giris ɗin da ya shekara kusan ashirin bai motsa ba, ya bushe ya zama danƙo, ga ƙurar hunturun Kano da ba ta neman izini. Sanda ɗaya ta makara, tef ya tattare, kuma tef ɗin DAT in ya tattare ba ya yin shuuu ya wuce kamar na da, ɗif yake yi ko ya riƙa tsatsage.

Saboda haka kaset na farko da zai shiga D8 ya zama wanda babu rubutu a jikinsa. Sa shi, fitar, sa, fitar, tura gaba har ƙarshe, dawo da shi, kana saurare. In ka ji ƙara kamar tana wahala, tsaya, kai wa wanda ya taɓa gyaran kyamarar bidiyo mai kaset, ba mai gyaran waya ba. Kada ka goge gangar da auduga, zaren na kama kan ya karya shi, kuma ba a samun wani yanzu sai an yanka wata na'urar. Kada ka fito da ita daga ɗaki mai sanyin AC zuwa zafi ka kunna nan take, raɓa na kwanta wa gangar tef ya manne. Kaset ɗin da suka daɗe a ajiye, ka fara tura su gaba har ƙarshe ka dawo da su kafin ka kunna.

Wani abu kuma: ƙananan DAT sukan ɗan kauce daga saiti da tsufa, sai ya zama kaset ɗin da suka ɗauka su kaɗai ke karanta shi da kyau. Don haka in D8 ɗin tana aiki, kada ka bari kowa ya taɓa saitin sandunanta da sunan gyara kafin ka kwashe komai.

Maman Sitidiyo:

Sannunku da ƙoƙari. Baba, ka yi mini afuwa, zan ɗan saɓa maka kan Marantz. Tsarinta na ɗan jarida ne, gaskiya, amma da'irar da ke ƙara ƙarfin makirfo a PMD660 ba ta kai jikinta kyau ba. In aka haɗa ta da makirfo marar wuta aka murɗa ƙarfin sama, tana da shuuu, har a Amurka akwai masu sana'ar sauya mata kayan ciki saboda haka. Da makirfo mai amfani da 48V ne take nuna kanta.

Ƙanena, ga tafsiri ita ce kaɗai amsa a cikin ukun, kada ma ka yi tunanin sauran. Ba a ƙera kaset ɗin DAT yanzu, faifan MiniDisc ma Sony ta daina yin sa a Fabrairun 2025, kuma duk awar da ka ƙara wa waɗannan biyun ka rage ta ne daga ran da kake buƙata don kwashe kayan kawu. Kuma kada ka ajiye ta gaban lasifika ka dogara da makirfon jikinta, amsa-kuwwar masallaci za ta cinye maganar. Roƙi mai kula da amfilifaya ya ba ka waya daga mahaɗin sauti kai tsaye, ka shigar ta ramin LINE. Katin CompactFlash ne, nemi ƙarami, 2GB ya isa, ka bar na'urar ta yi masa fomat da kanta. WAV, wato sautin da ba a matse ba, na layi ɗaya (mono) a 44.1, wato 44,100 ɗin CD, yana cin wajen 320MB a awa, ka ga kati ɗaya zai ɗauki wajen awa shida. Amma katin da ka tarar a ciki, kwafe shi a kwamfuta kafin ka yi komai, wataƙila aikinsa na ƙarshe na kai.

Batun kwashewa. D8 tana da hanyar fitar da sauti a lambobinsa ba tare da ya ragu ba, amma ta wani rami mai ƙafa bakwai da Sony kaɗai ke amfani da shi, sai da wayarsa ta musamman, irin su POC-DA12. Zazzage akwatin da kyau, in tana ciki ka yi sa'a, don yanzu nemanta aiki ne. Da ita sai ka haɗa da katin sauti mai karɓar S/PDIF, wato hanyar shigar sauti a lambobinsa, ka saita kwamfutar daidai da abin da allon D8 ya nuna, 48 ko 44.1 ko 32. In babu, LINE OUT zuwa katin sauti mai kyau, da manhajar ɗaukar sauti ta Audacity, ya wadatar. Ko ta wace hanya, kaset na awa biyu awa biyu zai ci.

R50 ba ta da mafitar lambobi ko kaɗan, shiga kawai take da shi. Tsoron kwafin da Baba ya ambata ne ya biyo MiniDisc har nan. Ko da aka kawo NetMD, wato na'urar MiniDisc mai USB, a 2001, hanya ɗaya aka buɗe: waƙa ta sauka daga kwamfuta zuwa faifai, amma hirar da kai ka ɗauka da makirfonka ba ta da izinin hawa. Hi-MD ta 2004, mai faifan 1GB, ta sassauta ga sababbin ɗauka, sai a 2006 da MZ-RH1 aka yarda tsofaffin faya-fayai su hau kwamfuta, lokacin kowa ya riga ya koma kati. Shi ya sa RH1 take da tsada har yau a kasuwar 'yan gwanjo. Abin daɗi, masu sha'awar abin sun rubuta manhajar Web MiniDisc Pro, wadda ke aiki a cikin Chrome, tana kuma iya zuƙo sauti daga NetMD na Sony da dama masu araha. In ka samu ɗaya daga cikinsu ka huta da zaman jira.

Ka lura da wannan kuma: shekarun da ka ce sun kai 2007. A 2000 aka kawo MDLP, wanda ke sa faifan minti 80 ya ɗauki 160 ko 320. R50 ta girme shi. In kawu ya taɓa aron sabuwar na'ura ya ɗauka a haka, R50 za ta nuna "LP:" a gaban sunan, lokaci na tafiya, amma shiru. Kada ka ɗauka faifan ya mutu.

Ɗan Gwammaja:

Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba, Malam, da Anti. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na buɗe makullan. Na sake zazzage akwatin: akwai gidan batir na R50, akwai makirfo Sony ECM-MS907, akwai kuma wata waya mai faffaɗan baki a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma siriri mai ɗan gilashi a tsakiya. Ita ce ta ƙafa bakwai ɗin? Sannan wasu kaset ɗin ba DAT aka rubuta musu ba, DDS 90m aka rubuta. Su ma na sauti ne?

Ba'damagare:

Salamu alaikum mutanen Kano. Ni na yi aiki a wata rediyon karkara a nan jihar Damagaram farkon shekarun 2000, MiniDisc muka yi ta amfani da ita. Abin da zan ƙara kan na Malam mai gyara shi ne maganar pil, wato batir. Inda babu kuran, wato wutar lantarki, na'urar da ke cin pil na kanti ita ce na'ura. Irin su MZ-R700 pil guda take ci, ka saya a kowane tebur a kasuwar ƙauye. Masu siririn batir mai kamar cingam sun fi kyan gani, amma in ya ƙare a daji sai ka dawo gari. Har na'urorin kati na farko wannan ya raba su: MicroTrack ta M-Audio batirinta a rufe yake ciki ba a cirewa, Zoom H2 da Edirol R-09 kuwa pil biyu ne ka ci gaba da aiki. Da ka ga wacce ta yi saura a hannun mutane yau ka san dalili.

Makirfon nan MS907 da ka samu, buɗe gindinsa, pil guda yake ci. Duba ko an bar tsoho a ciki ya zubar da ruwa. Haka gidan pil na D8 da na R50. In ka ga farin gari a jikin ƙarfen, goge shi da ɗan ruwan tsami a tsinke, ka bari ya bushe sarai.

Mai Gyara na Sabon Gari:

Ita ce wayar, Malam. Gilashin nan haske ke bi ta ciki, kada ka lanƙwasa ta da ƙarfi. Duba jikin faffaɗan bakin, in akwai ɗan makunni, shi ke zaɓar ko ɗauka za ta shigo ta wayar hasken ko ta ramin sauti na yau da kullum. Katin sautin da za ka nema ya zama mai ramin shigar haske, ba na fita kaɗai ba, don yawancin masu arha fita kawai gare su, masu sayarwa kuma ba sa bambancewa.

DDS kaset ɗin ajiyar bayanan kwamfuta ne, amma gidansu ɗaya da DAT, kuma mutane da yawa sun riƙa ɗaukar sauti a kansu don sun fi sauƙin samu. Mai mita 60 daidai yake da kaset na awa biyu. Mai mita 90 awa uku yake yi, sai dai tef ɗinsa ya fi siriri, ƙananan na'urori kuma ba sa jin daɗin jan sa. Waɗannan ka bar su ƙarshe, bayan ka tabbatar D8 ta cinye masu kaurin lafiya, kuma kada ka riƙa tura su gaba da baya kana neman wuri. Kunna daga farko, bar shi ya tafi har ƙarshe kwamfuta na ɗauka, ka yi yankan daga baya. Ka sa ta a wutar caja mai tsayayyen ƙarfi ko sababbin batir, kada a ɗauke wuta tef na naɗe a ganga. Fara da na makaɗan kotson in a mai mita 60 yake.